YAYANA MAI LAMBA TARA

 Na san wata za ta ga kan wannan rubutu ta taɓe baki ta ce, to mu ina ruwanmu da ƙwallo? Ki yi haƙuri 'yar'uwa ki daure ki karanta har ƙarshe, domin labarin gidanmu ne zan ba ki, kuma akwai laifina a cikinsa, laifin da na yi shekara fiye da 20 ina ɗauke da shi a ƙirji ban taɓa zama na faɗa wa kowa ba.

Abin da ya fama mini tsohon miki shi ne, kwanakin baya bayan ƙaramar Sallah na shiga mota a Kabuga zan je gida Gwarzo gaida Inna. Ni kaɗai ce mace a motar, don haka na ja mayafina na maƙale a gefen taga. Ba mu kai Janguza ba sai gardama ta ɓarke tsakanin mazan, wai a duk masu cin ƙwallon da aka yi a ƙasar Kano wa ya fi? Wani saurayi ya ce ai magana ta ƙare a kan Ahmed Musa, mutumin da ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya je ya zura wa Ajantina biyu a Kofin Duniya na 2014, ya sake zura wa Ayisland biyu a na 2018. Wani ya ce shi dai Gambo Muhammad. Sai wani dattijo mai furfura a gemu ya yi dariya ya ce, "Yara ke nan! Ku da ba ku ga Ahmed Garba Yaro-Yaro a lokacinsa ba, me kuka sani?"

Duk wannan abu direba bai ce uffan ba, sai da muka wuce Rimin Gado sannan ya gyara zama ya ce, "Duk na ji ku. Amma ni mutumin Kabo ne, kuma wallahi akwai wani yaro da aka yi a Gwarzo wajen 1997, ɗan wani ƙaramin kulob na unguwa, ana ce masa Yekini. Da hagu yake bugu. Idan ya karɓi ƙwallo ya juyo, mu 'yan Kabo sai mu fara salati. Ranar da aka karya shi ina bakin fili, mutum huɗu ya yanke kafin a tare shi. Mu da muka zo don a ci su, sai ga mu muna kuka." Aka ce to yana ina yanzu? Ya ce, "Oho! Wasu sun ce ya tafi Legas, wasu sun ce ya rasu. Allah Ya jiƙan Musulmi."

'Yar'uwa, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ƙara jan mayafi na rufe fuskata, hawaye na zuba. Domin wannan yaro da ake magana, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Yaya ya girme ni da shekara huɗu. Tun yana ƙarami Inna ke cewa duk abin da ya gani a ƙasa sai ya sa masa ƙafa, ko goruba ce, ko lemon tsami, ko tsumma da aka ɗaure da roba. Baba kuwa manomi ne, yana kuma taɓa saye da sayar da hatsi, shi bai yi boko ba, don haka babban burinsa a duniya ya ga ɗansa na fari ya riƙe takarda ya zama malamin makaranta ko ma'aikacin ƙaramar hukuma. Ƙwallo a wurinsa wasan yara ne da ke hana su zuwa gona da makarantar allo.

Sunan Yekini ya samo asali ne a 1994. A shekarar Najeriya ta ɗauki Kofin Afirka a Tunisiya, sannan ta je Kofin Duniya karo na farko a Amurka. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da talabijin, wata ƙarama mai baƙi da fari, idan ba wuta a jona ta da batirin mota. Daren da aka buga da Bulgeriya Yaya ya haura katanga ya fita, ya ga yadda Rashidi Yekini ya ci ƙwallon farko ya shiga cikin raga ya riƙe ta yana girgizawa yana kuka. Washegari da yamma ya ci ƙwallo a filin firamare, mu kuwa ragarmu ba ta da zare, itace biyu ne da igiya a sama, sai ya rungume itacen ya yi ta girgizawa har ya faɗi. Daga ranar suna ya bi shi. Bulalar da ya sha a wurin Baba kan haura katanga, ita ma har yau yana ba da labarinta.

Kin san mu mata ba a barinmu zuwa fili, don haka sau ɗaya tak na taɓa ganinsa yana wasa da idona. Inna ce ta aike ni in kira shi ya kai niƙa, na je na tarar an kewaye fili, na kutsa ta tsakanin ƙafafun mutane. Dogo ne siriri, ba takalmi a ƙafarsa sai wani tsumma da ya ɗaure idon sawu da shi. Na ga an ɗago masa ƙwallo daga nesa, ya tare ta da ƙirji, kafin ta taɓa ƙasa ya juya ya sa mata hagu. Ni dai ban ga wucewarta ba, sai ganin gola na yi a kwance cikin ƙura, yara sun ɓarke da gudu sun shiga fili. Na manta da niƙa, na manta da aike, na yi ta tsalle ina cewa Yayana ne! Yayana ne! Ranar tare muka sha faɗa.

Daga nan na zama 'yar sirrinsa. Ni ke wanke masa jesinsa, wata ruwan ɗorawa mai lamba tara da aka rubuta da fenti, in shanya ta a bayan rumbu inda Baba ba zai gani ba. Idan ya makara da dare ni ke zare masa sakata. Idan Baba ya tambaya yana ina, in ce ya tafi karatu wurin abokansa. A lokacin gani nake wannan shi ne son ɗan'uwa.

Da aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata a Kabo, sai na tarar sunansa ya riga ni zuwa. Kulob ɗinsu ƙarami ne ƙwarai, karo-karo suke yi su sayi ƙwallo, a bayan a-kori-kura suke tafiya wasa Getso ko Garo ko Kutama, kocinsu ma wani malamin firamare ne da ba a biyansa ko kwabo. Amma duk garin da suka je, kasuwa sai ta ragu. 'Yan mata manya 'yan aji shida da ba sa ko kallon 'yar aji ɗaya suka riƙa kirana suna ba ni gari da sukari, wai in gaida Yaya. Wasiƙu kuwa masu zanen fure da ƙamshin turare, duk hutu sai na tafi da su cike da aljihun jakata. Cikin duk ƙawayena mutum ɗaya ce ba ta taɓa ba ni wasiƙa ba, wata 'yar cikin garin Kabo, 'yar wani malamin makaranta, mai shiru-shiru. Ita dai idan ana hirarsa sai ta sunkuyar da kai tana wasa da gefen hijabinta. Sau ɗaya ta taɓa tambayata, "Wai shi Yayan naki, yana karatu kuwa?" Na ji haushinta ranar.

Abin ya ƙara tsamari bayan 1996, da Najeriya ta doke Barazil da Ajantina ta ɗauki zinare a Atlanta. Duk yaron da ke da ƙafa biyu ya fara mafarkin Turai. Ga Tijjani Babangida ɗan Kaduna yana Ajax ta ƙasar Holan, ga Daniel Amokachi wanda ya taso daga Ranchers Bees ta Kaduna, ga Garba Lawal. A Kano kuma ga Yaro-Yaro yana tashe a Pillars, kulob ɗin da aka kafa a 1990. Yaya kan tara kuɗin mota ya tafi birni don kawai ya gan shi, ya dawo ya yi mako guda yana kwaikwayonsa a tsakar gida. Sai ya ce mini, "Ke, shi ma fa yaro ne kamar ni, ƙafa biyu gare shi."

A ƙarshen 1997 Baba ya sayar da buhun gyaɗa biyu ya damƙa wa Yaya kuɗin rajistar jarrabawar WAEC. Ina gida hutu a lokacin. Da dare Yaya ya kira ni bayan rumbu ya ce ya haɗu da wani mutum a birni, wanda ya ce ya san manya a harkar ƙwallo, zai kai shi gwaji, amma sai da takalmi da kuɗin fom. Ya ce, "Idan aka ɗauke ni, albashin wata ɗaya zai biya jarrabawa uku. Ki rufa mini asiri, ƙanwata." Na yi masa alƙawari. Har na cire 'yan kunnena na azurfa da kakarmu ta ba ni na ƙara masa, na ce wa Inna sun faɗi a rijiyar makaranta.

Ya sayi takalmin gwanjo a kasuwar Sabon Gari, ya ba mutumin nan ragowar kuɗin. Ya yi kwana tara a birni yana kwana a shagon wani ɗan garinmu, kullum a ce gobe. Ran na goma aka nemi mutumin sama ko ƙasa aka rasa. Yaya ya dawo gida da takalmi a leda, ya ci gaba da sa kayan makaranta kullum da safe kamar ba abin da ya faru. A farkon 1998 da aka ji an kira Yaro-Yaro cikin Super Eagles an tafi da shi wasa Hong Kong, sai Yaya ya ƙara samun ƙarfin gwiwa, ya ce saura shi. Ni kuwa na san babu sunansa a cikin masu jarrabawa, na ja bakina na yi gum.

Da bazarar shekarar wani mai hali ya sa kofi, aka yi ta fafatawa har aka zo wasan ƙarshe tsakanin kulob ɗinsu Yaya da wani na Kabo, kuma a Kabo za a buga. An yi ta raɗe-raɗin wai akwai masu zuwa daga birni duba 'yan wasa. Muna cikin makaranta bayan la'asar muna jiyo ihun 'yan kallo, iska na kawo shi tana mayarwa. Mun ji ihu babba sau ɗaya, 'yan ajinmu suka ɗaga ni sama wai Yayana ya ci. Can an jima sai muka ji wani ihun ya taso, kafin ya kai ƙarshe ya yanke. Tsit. Wallahi ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba. Ƙawar nan tawa mai shiru-shiru ta kama hannuna ta riƙe, na ji nata yana rawa fiye da nawa. Sai bayan magariba ƙaninta ya zo bakin ƙofa ya faɗa mana, ƙafar hagu ce, ƙashin ƙwauri ya karye gida biyu.

A nan aka yi kuskure na biyu. Maimakon a wuce da shi asibiti, sai aka kai shi wurin mai ɗori a wani ƙauye, aka ja ƙafa aka ɗaure da karare. Ban raina masu ɗori ba, akwai waɗanda Allah Ya ba su sani, amma karaya mai rauni a buɗe ba ta gida ba ce. Bayan mako uku ƙafa ta kumbura ta fara wari, sannan aka ɗauke shi zuwa Asibitin Ƙashi na Dala. Likitoci suka yi iya ƙoƙarinsu suka ceto ƙafar daga yankewa, amma suka ce an makara, za ta warke a gajarce.

Yanzu ga inda nake so ki saurara da kyau. Yaya na kwance, jarrabawa ta matso. Baba, mutumin nan da bai iya rubuta sunansa da boko ba, ya sa babbar rigarsa ta zuwa Juma'a ya tafi makarantarsu Yaya, wai zai roƙi shugaban makaranta a yarda ya riƙa ɗauko ɗansa a amalanke yana kawo shi ɗakin jarrabawa, tunda ƙafa ce ta karye ba hannu ba. Aka duba takarda aka sake dubawa, babu sunan. Ina gida ranar. Na ga shigowarsa, ya zauna a kan turmi bai ko cire hula ba. Bai shiga ɗakin Yaya ba, ni ya kira. Ya ce, "Uwata, kin sani?" Haka yake kirana saboda sunan mahaifiyarsa gare ni. Na durƙusa na ce, "Na sani, Baba." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Da kin faɗa mini a lokacin, akwai sauran gyaɗa a rumbu."

Bai dake ni ba, bai zage ni ba. Da ma dukan ya yi. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai sake tayar da maganar ba, amma ni kullum na ga buhun gyaɗa sai na ji ta a kunnena. Ashe da na buɗe baki a watan da abin ya faru, faɗa kawai za a yi, a sake sayar da buhu biyu, a yi rajista. Rufin asirin da na ɗauka ƙauna ce, shi ya ci wa ɗan'uwana shekarun da ba su dawo ba.

A watan Yuni na 1998, ranar da Najeriya ta ci Sifen 3 da 2 a Faransa, gari ya ɗauki ihu da Sunday Oliseh ya ɗaɗa wannan ƙwallo daga nesa. Yaya na kwance da rediyo a kan ƙirjinsa, sai ya kashe ta ya juya fuskarsa bango. Masu zuwa dubiya da farko har layi suke yi, bayan wata biyu sai ɗai-ɗai, daga baya sai kocinsu kaɗai. Wasiƙu masu fure kuwa, da na koma makaranta ko ɗaya ban sake karɓa ba. Masu ba ni gari da sukari suka koma ba sa ganina. Gaskiyar Hausawa, duniya rawar 'yan mata ce.

Ana gobe hutu sai ƙawar nan tawa ta miƙo mini wani ƙunshi a tsohuwar jarida ta ce in kai wa Yaya. Na zaci wasiƙa ce. Da ya buɗe sai ga littattafan lissafi da na Turanci na mahaifinta, da 'yar takarda mai layi biyu, tana yi masa sannu, tana cewa ana yin jarrabawa ta 'yan waje kowace shekara. Yaya ya jefar da su ƙarƙashin gado. Hutu na gaba ta sake aiko wasu. Sai a karo na uku na shiga na tarar da shi ya jingina da bango yana fama da lissafi, yana tsaki.

Da ya fara takawa da sanda Baba ya kai shi wurin wani tela ya koyi ɗinki. Da ƙafar dama yake taka keken, ta hagun tana miƙe a gefe. Ya zauna jarrabawa ya faɗi, ya sake zama ya samu abin da ya samu. Da ya aika neman auren ƙawata, danginta suka yi caa, wai ina ita ina gurgu, tsohon ɗan ƙwallo? Mahaifinta ya ce shi abu biyu yake nema, sana'a da shaidar karatu, in ya kawo ɗaya ma ya isa. Yaya ya kai duka biyun. An ɗaura aure a 2002, yau 'ya'yansu shida, babbar tana koyon aikin jinya. Ranar kai amarya ya kira ni gefe ya damƙa mini wani ƙaramin ƙulli, na buɗe na ga 'yan kunne na azurfa.

Ƙannena, ban rubuto wannan don in ce ƙwallo haramun ce ko aikin banza ba. Baiwa ce, kuma ta rufa wa wasu asiri, ga Ahmed Musa nan ya je Rasha da Ingila da Saudiyya ya dawo ya taimaki jama'a da dama. Amma ki lura, babbar gasar ƙasar nan kulob 20 ne kacal a cikinta, yaran da ke buga ƙwallo a filayen firamare daga Gwarzo zuwa Kabo kaɗai sun fi ƙarfin guraben da ke ciki. Waɗanda suka samu shiga ma ba su tsira daga ƙaddara ba. A watan Maris na 2015 'yan fashi sun tare motar Kano Pillars a hanyar Abuja zuwa Lakwaja suka harbi 'yan wasa, har da Gambo Muhammad. Shi kansa Rashidi Yekini da ya ci wa Najeriya ƙwallo 37, ya zama gwarzon Afirka a 1993, ya rasu a 2012 bayan ya yi shekarunsa na ƙarshe a Ibadan cikin kaɗaici. Ƙafa aro ce. Don haka idan kina da wa ko ƙane mai wannan baiwa, ki wanke masa jesi, ki yi masa addu'a, amma ranar da ya ce ki taya shi ɓoye wa iyaye abin da ya shafi karatunsa ko kuɗinsu, ki ƙi. Zai yi fushi da ke na mako guda, ya gode miki har tsufa. Idan kuma saurayi ne ake yi wa tafi ya ɗauke miki hankali, ki tambayi kanki irin tambayar da matar Yaya ta yi mini tun muna aji ɗaya, kuma ki tambayi zuciyarki ko za ki iya zama da shi ranar da tafin ya ƙare.

Da muka iso Gwarzo kowa ya sauka, na tsaya sai da mazan suka watse, sannan na matsa kusa da taga na ce, "Malam direba, wanda ka ba da labarinsa yana nan da ransa. Yayana ne, yana ɗinki a cikin gari." Mutumin nan ya buɗe baki ya kasa magana, sai ya zaro kuɗin motata ya miƙo mini. Na ce a'a, ya rantse sai na karɓa, ya ce, "Hajiya, mun sha kallo kyauta a wurinsa, yau na biya kaɗan."

Na tarar da Yaya a shago, tabarau a kan hanci, yana ɗinka kayan makaranta, wasu yara 'yan ƙwallo sun kewaye shi suna jiran ya tashi ya kai su fili, domin shi ke horar da su yanzu, kuma duk wanda bai nuna masa littafinsa na makaranta ba, ba ya taɓa ƙwallo ranar. Na kwashe labarin direba kaf na faɗa masa. Ya tsayar da keke, ya yi shiru har na fara nadamar faɗa. Can sai ya yi murmushi ya ce, "Ya ƙara gishiri. Mutum uku na yanke, na huɗun shi ne ya same ni." Ya ci gaba da taka kekensa.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe mini abin da na ɓoye masa. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya haɗa kowace yarinya da mai ƙaunarta tsakani da Allah, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in da rai da lafiya.

Wassalam. Taku har kullum, 'yar mutan Gwarzo.